Tumatir ɗaya, lab biyu, sakamako biyu: wa ya yi kuskure?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana sinadarai na wannan zaure ku kawo min ɗauki, kaina ya kulle. Ina aiki a sashen duba ingancin kaya na wani kamfani mai tattara kayan lambu ɗanye yana sayar wa manyan masu saye. Makon jiya muka ɗebi samfur daga wani kaso na tumatir muka kai ɗakin gwaje-gwajen da muka saba. Sakamako ya fito shafi huɗu cur, kowane layi an rubuta "ba a gano ba". Muka yi hamdala muka tura kaya. Shi kuma mai saye ya ɗebi nasa samfurin daga wannan kason dai, ya kai wani lab daban, sai ga takarda wai an samu ragowar maganin fumfuna: ditiyokabamet, miligiram 0.6 a kowane kilo, "a matsayin CS2". Manomin da ya kawo tumatirin ya rantse bai taɓa jin wannan suna ba. To cikin lab biyun wa ya yi kuskure? Kuma mene ne CS2 ɗin nan?

MaiShakka:
Wa alaikumus salam. Ni ba masani ba ne, amma tunda mai sayen ne ya zaɓi lab na biyu da kansa, ruwa ba ya tsami banza. Hanyar neman ragi ce kawai.

Bala_Kiroma:
@MaiShakka a bi a hankali da zargi, Malam. Yana yiwuwa ƙwarai duka biyun sun faɗi gaskiya. Hajiya Ummu, ki koma wa shafi huɗun nan ki bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi mankozeb, maneb, zineb, tiram, ziram, propineb, waɗanda duk 'yan dangin ditiyokabamet ne, ko ita kalmar ditiyokabamet ɗin. Ina kyautata zaton ba za ki ga ko ɗaya ba. "Ba a gano ba" tana nufin ba a gano ba cikin abin da aka nema, iyakarta ke nan.

Ummu_Khalil:
Malam Bala na duba yanzun nan, har sau biyu. Wallahi babu su. Amma sunaye sun fi ɗari uku a takardar! Yaya za a gwada magani ɗari uku a bar wanda ya fi yawa a hannun manoma?

Dakta_Sinadari:
'Yata Ummu, ba mantuwa suka yi ba, hanyar ce ba ta iya kama shi. Bari in ɗan tsawaita, don wannan tambayar tana dawowa kusan duk shekara.

Gwajin da lab ɗinku ya yi kusan tabbas shi ne wanda ake kira QuEChERS, mu a baki mukan ce "kecas". Anastasiyadis da Lehote da abokan aikinsu ne suka wallafa shi a 2003, daga wani ɗakin bincike na ma'aikatar gona ta Amurka, kuma yau kusan duk duniya shi ake bi. Ga yadda yake. A markaɗe samfur ya yi laushi lilis. A auna giram 10 a zuba a bututun roba mai murfi. A zuba mililita 10 na asitonaitiril, wani ruwan sinadari mai narkar da magunguna, a girgiza minti ɗaya. Sai a juye gishirai a kai, giram 4 na magnesiyam salfet da giram 1 na gishirin da kowa ya sani. Nan take za ki ji bututun ya ɗau zafi a tafin hannunki, kuma in kika yi jinkirin girgizawa ko na daƙiƙa kaɗan, gishirin zai dunƙule a gindi kamar siminti, aiki ya ɓaci. A sa a na'urar juyi ta wulwula shi. In ya fito za ki ga hawa uku ko huɗu: gishiri a ƙasa, ruwa, dusar tumatirin ta yi faifai a tsakiya, sai ruwan asitonaitiril mai launin rawaya-rawaya a sama. Magungunan suna cikin wannan na saman. A ɗebi kaɗan a ƙara tace shi da wani gari da ake kira PSA, mai janye sukari da asid na jikin kayan lambun, daga nan sai na'ura.

Na'urorin biyu ne galibi, dukkansu suna rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan sannan su gane kowanne ta nauyinsa; sashen auna nauyin shi ake kira MS. LC-MS/MS na ɗaukar irin su azoksistirobin, boskalid, kabendazim, tiyabendazol, imazalil, metalaksil. GC-MS/MS kuma na ɗaukar masu jure zafi da ke iya zama tururi. A haɗa biyun sai a samu ɗaruruwan sunayen da kika gani.

To amma duk wannan ya dogara ne a kan abu ɗaya: maganin ya yarda ya narke cikin asitonaitiril, kuma ya kai ƙarshen tafiyar da ransa. Mankozeb bai cika ko ɗaya ba. Sarƙa ce doguwa da aka ɗaure da manganis da zink, ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a asitonaitiril. Kuma yana zaune ne a bayan fatar tumatir, da zarar an markaɗe ya haɗu da ruwan cikin mai tsami sai ya fara wargajewa. Kin ga ke nan markaɗen da kecas ke farawa da shi, shi ne ke kashe shaidar.

Ɗalibi_Nura:
Ranka ya daɗe Dakta, to shi lab na biyun yaya ya yi ya kama shi?

Dakta_Sinadari:
Bai kama shi ba, Nura, gawarsa ya auna. Tunda maganin ba ya kamuwa da rai, sai a ƙarasa shi da gangan. A yanka samfur gunduwa-gunduwa ba tare da markaɗe ba, ko a daskarar da shi da busasshiyar ƙanƙara a niƙa shi a daskare. A zuba a kwalba mai murfin da iska ba ta fita, a sa asid na haidirokilorik da sinadarin tin kilorayid, a zuba aisoktin, wani ruwa mai kama da fetur, a kai, a rufe gam, a sa a ruwan zafi mai digiri 80 na awa biyu ana girgizawa jefi-jefi. Duk wani ditiyokabamet da ke ciki zai fashe ya saki kabon daisalfayid, wato CS2 ɗin da Ummu ke tambaya. Aisoktin ya riƙe shi, a huce kwalbar, a ɗebi na saman a kai GC-MS, a nemi nauyi 76 da 78, wato alamar CS2. Dole a bari ta huce sosai kafin a buɗe, don CS2 yana tafasa tun a digiri 46, in ka yi gaggawa rabinsa ya bi iska.

A da can kafin na'urorin nan, launi ake aunawa: a busa tururin cikin wani ruwa mai tagulla ya koma rawaya, a auna ƙarfin rawayar. Har yanzu akwai masu yin haka.

Bala_Kiroma:
Ƙari a kan bayanin Dakta: shi ya sa aka rubuta "a matsayin CS2". Lab ɗin ba zai iya ce miki mankozeb ne ko tiram ne ko propineb ba, don dukkansu abu ɗaya suke saki. In kin tabbatar mankozeb aka fesa, ki ninka lambar da kusan 1.78, wato 0.6 ɗin nan ta zama wajen miligiram 1 na mankozeb a kilo. Amma dokokin iyaka su ma da CS2 ake rubuta su, don haka 0.6 ɗin za ki kwatanta da iyakar, ba wadda kika ninka ba.

MaiShakka:
To ai kun ƙara ba ni gaskiya. Gwajin da ba zai iya faɗar sunan maganin ba, yaya za a hukunta mutum da shi?

Hajiya_Rabi_Lab:
Malam MaiShakka, a nan kam kana da rabin gaskiya, ba zan ƙi ba. Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni shekarun baya a wani lab da na yi aiki. Mako guda cur duk samfurin da muka gwada sai ya fito da CS2. Latas, inabi, tuffa, duka. Har kwalbar da ba mu sa komai a ciki ba sai sinadarai, wadda ya kamata ta fito fes, ita ma ta nuna ɗan tsini a allon kwamfuta. Muka canza asid, muka canza aisoktin, muka wanke kwalabe har hannu ya yi kanta. Shugabanmu ya fara kallon kowa da wutsiyar ido. Ranar Alhamis ina tsaye ina kallon yarinyar da ke yanka samfur, sai idona ya faɗa kan hannunta. Sabon kwalin safar hannu na roba aka buɗe ranar Litinin. Ashe wajen sarrafa roba ana amfani da dangin tiram da ditiyokabamet don roba ta yi ƙarfi da wuri. Duk abin da ta taɓa da safar nan sai ya ɗauka. Muka yanki yatsa ɗaya na safar muka jefa a kwalba muka gwada, tsinin da ya fito har ya wuce saman allo.

Don haka Ummu, ki tambayi masu tsince tumatirin da masu jera shi a kwali wace irin safa suke sawa, sannan shi wanda ya ɗebi samfurin mai saye da me ya taɓa shi.

Zainabu_Abinci:
Ikon Allah! To ai sai a koma safar naitiril mai shuɗin nan, ko?

Hajiya_Rabi_Lab:
A'a ƙanwata, ita ma naitiril ɗin da yawanta da irin waɗannan sinadarai ake yin ta. Ko dai a samu wadda aka rubuta ƙarara cewa babu su a ciki, ko a sa ta leda zalla. Mu dai tun daga ranar, duk sabon kwali sai mun gwada shi kafin ya shiga ɗakin yanka.

Dakta_Sinadari:
Hajiya Rabi ta taɓo wuri mai kyau. Akwai ma na biyunsa: wasu tsirrai da kansu suke sakin CS2 in aka dafa su da asid, saboda sinadaran salfa da Allah ya halitta a jikinsu. Dangin kabeji su ne kan gaba, da burokoli da farin kabeji, haka ma gwanda. Za ka iya shuka kabeji a bayan ɗakinka ba ka fesa masa komai ba, a gwada a samu CS2. Amma tumatir ba ya cikin wannan sahu, don haka wannan uzurin ba zai fitar da ku ba, 'yata.

ƊanLambu77:
Ni duk wannan turancin ya fi ƙarfina. Tambayata ɗaya. Akwai wani ɗan kati da na ga ana tallarsa, a matse ruwan ganye a ɗiga a kai, in ya yi shuɗi lafiya, in ya tsaya fari akwai magani. Minti goma sha biyar an gama. Me ya sa ba za a yi amfani da shi ba a huta da kwalabe da awa biyu?

Bala_Kiroma:
Malam ƊanLambu, katin nan yana aiki, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke jikinsa wani sinadari ne irin na jijiyoyin ƙwari da na mutum, sunansa kolinestares. Magungunan ƙwari na dangin oganofosfet da kabamet suna toshe shi, shi ya sa launin ba ya fitowa. Maganin fumfuna ba ruwansa da jijiya, fumfuna ba ta da ita. Ka jiƙa ganye sharkaf da azoksistirobin ka ɗiga a katin, zai yi maka shuɗi ya ce lafiya lau. Wannan ya fi rashin gwajin haɗari, don ka tafi da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Akwai wasu 'yan sanduna irin na gwajin ciki da aka yi wa magani ɗaya-ɗaya, misali na kabendazim. Suna da amfani wajen tankaɗe, amma kowace sanda magani ɗaya ta sani, kuma in ta nuna akwai, sai an kai na'ura ta tabbatar.

ƊanLambu77:
Tabɗi. Ashe na kusa yin asara. Na gode Malam Bala.

Zainabu_Abinci:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni uwa ce, abin da ya dame ni shi ne, in na wanke sosai ya fita? Ina jin ana cewa a jiƙa da ruwan gishiri ko ruwan kal.

Hajiya_Rabi_Lab:
Ya danganta da maganin, Zainabu. Masu zama a bayan fata irin su mankozeb da kaptan da kilorotalonil, wanki da ruwa mai gudu ana murzawa yana rage su sosai, ɓare fata ya fi ragewa. Masu shiga cikin jikin tsiro irin su metalaksil da kabendazim, wanki ba ya kai musu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, mu a lab ba ma wanke samfur ko kaɗan, haka doka ta ce. Lemu ma da ɓawonsa ake markaɗe shi. Shi ya sa za ki ga imazalil da tiyabendazol suna fitowa da yawa a lemu, don bayan girbi ake shafa su a ɓawo kada ya ruɓe a hanya, mafi yawansu kuma a ɓawon suke tsayawa.

Admin_Zaure:
Jama'a batun wanki a buɗe masa nasa zaren daban don Allah. A koma kan tambayar Hajiya Ummu.

Injiniya_Sadi:
Ni gyaran na'urorin nake yi, ba gwajin ba, amma ina da abin cewa. Kowa ya tsaya kan hanyar gwaji, ba wanda ya tambayi yadda aka ɗebi samfurin. Hajiya, tumatir nawa kuka kai, kuma daga ina a cikin kason?

Ummu_Khalil:
Injiniya gaskiya guda shida ne, daga kwalaye biyu na bakin ƙofa. Yaron ya zaɓo masu kyan gani ma.

Injiniya_Sadi:
To kin gani.

Dakta_Sinadari:
Shida ba su isa ba, 'yata. Ƙa'idar Kodes, wato hukumar ma'aunin abinci da FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa a 1963, ta ce kayan da kowane ɗaya ke tsakanin giram 25 da 250, kamar tumatir da tuffa da lemu, samfurin da za a kai lab kada ya gaza kilo 1 kuma kada ya gaza guda 10. Manya da suka wuce giram 250, irin kabeji, kilo 2 ne, aƙalla guda 5. Kuma a tsinto su daga wurare daban-daban na kason, ba tare da zaɓe ba. Feshi ba ya sauka daidai wa daida. Tumatirin da ke waje yana fuskantar mai feshi zai sha magani, wanda ya ɓuya a ƙarƙashin ganye ya tsira. Na'urar da ta fi kowace tsada a duniya ba za ta gyara samfurin da aka ɗeba da son rai ba. Sai dai a wannan karon ko da guda ɗari kuka kai, lab ɗinku ba zai ga ditiyokabamet ba tunda bai nema ba.

Ɗalibi_Nura:
Dakta da Malam Bala, ina neman shawara tunda ga ku a kusa. Aikin kammala karatuna kan kabendazim ne a lemu, kuma HPLC mai fitilar UV kawai muke da ita, wato na'urar rarrabe sinadarai mai gano su ta hasken da suke sha. Aikin banza zan yi?

Bala_Kiroma:
Ko kusa. Kabendazim yana shan haske sosai a wajen nanomita 280, tiyabendazol ma har ƙyalli yake yi in kuna da na'urar auna ƙyalli. Shekara da shekaru da su aka yi aiki kafin MS ta yaɗu. Matsalarka biyu ce. Ta farko, UV ba ta san suna ba, lokaci kawai ta sani. Duk abin da ya fito daga na'urar a daidai lokacin da maganinka ke fitowa kuma yana shan haske, za ta ce shi ne, ɓawon lemu kuwa cike yake da irin waɗannan. A LC-MS/MS muna zaɓar nauyi 192, mu fasa shi, mu nemi ɓaraguzai biyu, 160 da 132, kuma sai rabon da ke tsakaninsu ya dace da na tsantsar maganin kafin mu ce shi ne. Ta biyu, da wuya ka sauka zuwa miligiram 0.01 a kilo. Don haka ka faɗi iyakar ganinka a fili cikin rahotonka, kada ka rubuta "babu", ka rubuta "ƙasa da kaza".

Sannan ka tuna benomil da tiyofanet-metil duk suna rikiɗewa su koma kabendazim. In ka same shi, ba lallai shi aka fesa ba.

Dakta_Sinadari:
Nura, ka sa wannan a gabatarwar aikinka: a farkon 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsare ruwan lemu da ake shigowa da shi, musamman daga Burazil, saboda an ga burbushin kabendazim. Adadin kaɗan ne ƙwarai, amma a Amurka ba a yarda da maganin a kan lemu ba, don haka ko ɗan kaɗan ya zama laifi. Darasin da ke ciki ya shafi Ummu ma: lamba ɗaya tana iya zama halal a wata kasuwa, ta zama haram a wata.

Ummu_Khalil:
To Dakta wannan ya kawo ni ga abin da ke hana ni barci. 0.6 ɗin nan guba ce? Mun cuci mutane?

Dakta_Sinadari:
Kwantar da hankalinki. Iyakar ragowar magani da ake kira MRL ba layin guba ba ce. Ana tsayar da ita ne daga gwajin gona: in manomi ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, ya jira kwanakin da aka ce kafin girbi, ga mafi yawan abin da zai rage. Daga nan a duba a tabbatar wannan adadin bai kai abin da zai cutar da mai ci ba. Wuce iyaka yana nuna an saɓa ƙa'idar feshi ko an fesa abin da ba a yarda da shi ba, ba lallai yana nufin wanda ya ci zai kwanta ba. Ki nemi iyakar ditiyokabamet a tumatir ta ƙasar da kayan za su, ki kwatanta. Ki lura kuma wasu manyan masu saye suna da tasu iyakar a kwantiragi, wadda ta fi ta gwamnati tsauri.

A Tarayyar Turai, dokarsu mai lamba 396 ta 2005 ta ce duk maganin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, iyakarsa miligiram 0.01 a kilo. Giram ɗaya ke nan a cikin tan ɗari. Kuma sun ƙi sabunta izinin kilorotalonil a 2019, na mankozeb a ƙarshen 2020, don haka mai kai musu kaya ya riƙa bibiyar iyakokin, suna canzawa.

MaiShakka:
Giram ɗaya a tan ɗari? Ni fa ban yarda akwai na'urar da ke ganin wannan ba tare da kuskure ba. A kai samfur ɗaya lab uku a gani in za su ba da lamba ɗaya.

Bala_Kiroma:
Ba za su ba da lamba ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce za su bayar. Takardar jagora ta Turai da yawancin lab ke bi ta yarda da wannan a fili. Ta ce in ka zuba sanannen adadin magani a samfur mai tsabta ka bi da shi duk matakan, abin da za ka dawo da shi ya kasance tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari, kuma bambancin maimaici kada ya wuce kashi 20. Wajen hukunci kuma ana ba da rangwamen kashi 50 sama da ƙasa. Wato 0.6 ɗin Hajiya tana nufin wani abu tsakanin 0.3 da 0.9, kuma hukuma ba ta cewa an karya doka sai na ƙasan ya wuce iyaka. Amma kamfani mai duba kayansa kada ya jingina da wannan rangwamen, na mai hukunci ne.

Abin da ya fi wahalar da mu kullum shi ne katsalandan ɗin jikin kayan lambun. A bakin LC-MS/MS ana fesa ruwan ne ya zama ɗigo masu caji, to sauran tarkacen da suka biyo maganin suna kokawa da shi wajen samun cajin. Adadi ɗaya na magani, a ruwa zalla ya ba ka tsini dogo, a ruwan lemu ko albasa ya ba ka rabinsa. Maganin abin shi ne ka haɗa ma'auninka, wato tsantsar maganin da kake kwatanta samfur da shi, cikin ruwan irin wannan kayan lambun da ka tabbatar ba shi da magani, ko ka tsarma samfurin sau biyar ko goma in na'urarka na da ido. Duk lab ɗin da ya auna lemu da ma'aunin da aka haɗa a asitonaitiril zalla, lambarsa abin tuhuma ce.

Hajiya_Rabi_Lab:
Kada a manta da baƙin garin nan na kabon da ake sawa don cire koren ganye a alayyafo da latas. Yana fitar da ruwa garau kamar na sha, sai ka ji daɗi, ashe ya tafi da tiyabendazol da kabendazim da kilorotalonil, don su ma shimfiɗaɗɗu ne kamar koren, suna manne masa. Na ga sabon ma'aikaci ya ninka garin don ruwansa ya fi na kowa kyau. Ya fi kyau kam.

Injiniya_Sadi:
Hhhh. Ni kuma kaptan da folpet ne ke jawo a kira ni a ce na'ura ta lalace. Ba ta lalace ba, bakin allurar GC ne ya yi datti, zafin wurin ya fasa kaptan ya koma wani ɓaraguzinsa da ake kira THPI tun bai shiga bututun ba. A canza 'yar kwalbar bakin, a datse kan bututun kaɗan, sai ga shi ya dawo. Shi ya sa Turai yanzu suke haɗa kaptan da THPI su ba da jimla ɗaya.

Ɗalibi_Nura:
Wato ke nan ba mankozeb kaɗai ke zillewa kecas ba?

Dakta_Sinadari:
Ina! Fosetil da ɗansa asid na fosfonik sun fi son ruwa, ba sa hawa saman asitonaitiril, sai an bi su da wata hanya ta metanol mai ɗan asid da wani ɗakin bincike na Tarayyar Turai da ke Situtgat a Jamus ya tsara, ana kiranta QuPPe. Magungunan tagulla kuma ƙarfe ake nema, sai an narkar da samfurin ƙurmus da asid mai ƙarfi a auna tagullar da na'urar ƙarafa. Kowanne kuɗinsa daban, samfurinsa daban. Shi ya sa nake gaya wa masu kawo mana kaya su zo da littafin feshin gonar a hannu, mu zauna mu ga me aka fesa, sannan mu zaɓi gwaji. Kuma ko lab yana da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, a nemi takardar da ta lissafa gwaje-gwajen da shaidar ta ƙunsa, don ba komai take rufewa ba.

Ummu_Khalil:
Jama'a na dawo. Na bi shawarar Dakta na sa manomin ya turo min hoton duk buhu da kwalbar da ya yi amfani da su. Bai yi ƙarya ba, bai san sunan ba ne kawai. Akwai wani ƙunshin gari da yake kira da sunan kamfani, ya fesa sau biyu saboda cutar da ke ƙona ganye. Na zuƙo hoton, a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta metalaksil kashi 8, mankozeb kashi 64. Na kuma tambayi masu jera kaya, safar roba suke sawa, Hajiya Rabi. Yanzu ban san wanne ne ya ba da 0.6 ɗin ba.

MaiShakka:
To tsaya. In har ya fesa wannan garin, metalaksil na cikin sunaye ɗari ukun lab na farko ko ba ya ciki?

Ummu_Khalil:
Yana ciki. Shafi na uku. "Ba a gano ba."

MaiShakka:
Yauwa. Malam Bala, sai ka fitar da su a nan kuma.

Bala_Kiroma:
Wannan karon tambayarka ta zauna, ba zan yi musu ba. Akwai bayani mai yiwuwa: metalaksil ɗin kashi ɗaya ne cikin takwas na mankozeb a garin tun farko, kuma yana shiga jikin tsiro ya bazu har ganye, don haka yana iya sauka ƙasa da 0.01 a 'ya'yan kafin girbi. Amma ba zan rantse ba. Tumatir shida na bakin ƙofa ma suna iya zama daga wata gonar ko wani layin da feshin bai kai ba.

Hajiya_Rabi_Lab:
Ni kuma na fi karkata ga safar, ko a ce duka biyun sun haɗu. Ummu, in akwai ragowar kason, ki sa a tsinko guda goma sha biyu kai tsaye daga gonar da hannu cikin leda, wasu goma sha biyun kuma daga kwalayen da aka riga aka jera. A kai su a sanyaye, kada a yanka, kada su kwana a mota. A yi wa kowanne CS2 daban.

Dakta_Sinadari:
Ki kuma roƙi lab na farko su buɗe fayil ɗin su duba layin metalaksil da ido. Sau da yawa akwai ɗan tsini a wurin, sai dai bai kai iyakar da suke ba da rahoto ba. Kwana nawa ne tsakanin feshin ƙarshe da girbi?

Ummu_Khalil:
Ya ce kwana tara, ɗansa kuma ya ce biyar. Gobe da safe zan je gonar da kaina da leda.